Miyar Kabewar Okap

Nima zuwa Takoradi

Na bar gidanmu na Nima ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ranar wata Laraba cikin Disamba, a shekara ta biyu da samun mulkin kanmu. Mma Adiza, mahaifiyata, ta rako ni har bakin kwata tana lalube da sanda, don idonta ya fara tafiya. A wuyanta akwai makullin ɗakin Yaya Sale. Shekara tara ke nan da ta rataya shi, tun da jirgin ruwan da yake wa aiki ya bar shi da karyayyar ƙafa a asibitin wani gari mai suna Okap, a ƙasar Haiti. Wasiƙa ɗaya muka samu, daga nan shiru. Ta danƙa mini carbin Baba, wanda ya rasu Yaya bai sani ba.

"Ka ba shi wannan," in ji ta. "Ka ce Mma ta gaji da jira. Shi za ka kawo mini, Mamudu, ban aike ka ɗauko labari ba."

Na isa tashar Tudu biyar da kwata, amma lori bai tashi ba sai shida da minti goma, don direban ya rantse sai ya cika benci. Na sauka na hau ya fi sau biyar. Har ya ce da ni, "Massa, in kana sauri haka, ka fara gaba da ƙafa, za mu same ka a Winneba." Mil ɗari da arba'in ne zuwa Takoradi, kuma 'yan sanda sun tsayar da mu a shinge biyu suna leƙa buhunan mata. A Cape Coast na hangi farin gidan nan na bakin teku inda ake tara bayi a da, ban ko waiwaya sau biyu ba. Mun isa ƙarfe biyu na rana, na kwana a zauren wani mahauci a Zango.

Cikin teku

Aikin mataimakin kuku na samu a wani jirgin kaya mai kai koko da katako Amirka, wanda zai biya Okap ya ɗauki kofi da zaren igiya. Shekara biyu ina farautar jirgi mai wannan hanya. Babban kukun, Pa Toma, dattijo ne ɗan Laberiya mai baki kamar reza. Kwana goma sha shida muka yi ba mu ga ƙasa ba, ni kuwa kullum ina leƙa taga ina ƙone albasa.

"Leƙenka ba zai ƙara wa injin gudu ba," in ji shi. "Fere dankali."

Shi ne dai ya taimake ni. Wani mai zuba wa injin jirgin gawayi ya gudu tun a Takoradi, sai Pa Toma ya roƙi kyaftin cewa in na sami ɗan'uwana, a ba shi gurbin. Kyaftin ya yarda. Daga ranar na daina barcin kirki, don na riga na ga kaina ina shiga Nima da Yaya a bayana.

Okap, ranar ɗaya ga Janairu

Mun shiga tashar ranar talatin ga wata da hantsi. Gari ne tsakanin dutse da teku, rufin jan kwano, ga hasumiyar coci a tsakiya. Kwana biyu ina kallonsa daga kicin kamar kare a ɗaure, don ba a ba da izinin sauka sai an gama lodi. Ranar ɗaya ga wata aka sake ni ƙarfe bakwai na safe, da gargaɗin cewa jirgi zai tashi shida na yamma, ko da ni ko ba ni.

A ƙofar tasha soja ya juya takardata sama da ƙasa ya miƙo mini. Wani tsoho mai farin kwat, Musye Anatol, magatakardan tasha ne da ya yi ritaya, ya ji ina fama da Turanci ya ce zai raka ni. Da ya ji daga inda na fito, sai ya cire hula ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce su duk ƙasarmu Gine suke kiranta, kuma tsofaffinsu na cewa can ran mutum yake komawa in ya mutu.

Mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa surutu. Ni ina neman ɗan'uwana, shi yana ba ni tarihi. Titunan garin ƙanana ne, a miƙe sambal, na tsaye da harufa, na kwance da lambobi, gidaje masu dogayen ƙofofin katako da baranda. Ya nuna mini dandalin gaban coci, ya ce nan Faransawa suke hukunta bayi a bainar jama'a, lokacin da garin ya fi kowane gari nasu arziki a wannan yanki. Ya ce da aka aiko da jiragen yaƙi a mayar da su bauta, kakanninsu da hannunsu suka cinna wa garin wuta don kada a same shi. Suka sake ginawa, girgizar ƙasa ta rushe, suka sake ginawa. Ya nuna wani dutse can nesa mai ganuwa a ƙololuwa, wadda sarkinsu baƙar fata ya gina. Na tuna farin gidan Cape Coast, na ji kunyar yadda na wuce shi. Amma idona na kan agogon coci, tara ta riga ta gota.

A asibiti wata sista ta duba ta ce ta tuna da baƙo mai karaya, amma ya fita da daɗewa. Babbar kasuwarsu, da suke kira Kasuwar Ƙarfe, a rufe take saboda bikin ranar, babu wanda za mu tambaya. Muka shiga bin unguwanni gida gida.

Nan na tafka kuskurena. Duk ƙofar da muka tsaya, kafin a amsa tambaya sai a miƙo mini kwano da wata miya ruwan ɗorawa, mai kauri, da nama da kabeji a ciki. Na ga aladu suna yawo a lungu, don haka na riƙa ɗaga hannu ina cewa na ƙoshi. Gida na farko matar ta bi ni da kallo. Gida na uku mai gidan ya karɓe kwanonsa ya rufe ƙofa. A na biyar Musye Anatol ya tsaya cak a tsakiyar titi, fuskarsa ta canza.

"Ka san abin da kake mayarwa?" ya ce. "Miyar kabewa ce. Kakanninmu su suke dafa wa Bature ita, ba a yarda su ɗanɗana ba. Ranar da muka sami 'yanci, rana irin ta yau, kowa ya sha. Kai da ka fito daga Gine, kai ne za ka ƙi?"

Na yi ta rantsuwa cewa ba raini ba ne, addinina ne ya hana ni naman da ban san yankansa ba. Ya fassara wa tsohuwar da ke riƙe da kwanon, rai a ɓace. Sai ta fashe da dariya har miyar na zuba. Ta ce ta taɓa ganin mai irin wannan taurin kai. Wani gurgu ne a unguwar masunta, shekararsa ta farko haka ya yi ta mayar da kwano, har mutanen layin suka gaji suka ce to shi ya riƙa yanka musu saniyar bikin. Ƙarfe ɗaya saura ne. Na bar tsoho a baya yana haki.

Unguwar masunta

Na sami Yaya zaune a kan turmi yana wasa wuƙa, ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu. Na yi sallama. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa, ya amsa da wata Hausa da ta yi tsatsa. Muka rungume juna muna kuka, mutanen layi sun kewaye mu. Da na ba shi carbin bai tambaye ni komai ba, ya gane. Ya juya gabas ya daɗe yana addu'a.

Kafin mu yi wata magana ya sa matarsa Selina ta kawo miya. "Sha, ni na yanka," in ji shi. Na sha kwano biyu, Musye Anatol na tsaye a kaina sai da ya ga ƙasan kwano. Sannan na faɗa wa Yaya zancen gurbi a jirgi, na ce ya ɗauko abin da zai ɗauka, saura awa huɗu.

"Ba zan je ba, Mamudu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa uwarsa na makancewa da makullinsa a wuya, shi yana nan yana yanka wa arna saniya. Na faɗi wannan kalma, kuma har yau ina nadamarta.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jirgin da na yi wa bauta shekara shida ya ajiye ni kamar buhu ya tafi. Wata biyar ina kwance, matan layin nan suka raba kwanaki suna kawo mini abinci, ba su san ko sunana ba. Ina cikin ƙungiyarsu yanzu. In an mutu ni ke haƙa kabari, in kwata ta toshe da ni ake yashewa. Kunya ce ta hana ni rubutu, ban san yadda zan gaya wa Baba na auri 'yar coci ba." Ya kira wata yarinya 'yar shekara shida da ke maƙale da zanen uwarta. "Gaya wa kawunki sunanki."

"Adiza," in ji ta.

Mun yi la'asar tare a bayan gida, shi ne liman. Selina ta ƙulle mini 'ya'yan kabewa a tsumma ta ce in kai wa surukarta. Ya rako ni har ƙofar tasha yana ɗingishi, biyar da rabi daidai. Har jirgi ya juya ina hango farar hularsa.

Komawa gida

Ta Amirka muka biyo, sai da na ƙara wata biyu a ruwa ina shirya ƙaryar da zan yi wa Mma. Wata rana in ce ya mutu, wata rana in ce yana tafe. Na sauka Tudu ƙarfe uku na rana, na taka da ƙafa ta Kokomlemle don in ja lokaci.

Tana zaune a ƙofar gida. Ta saurari takuna ta ce, "Ƙafa biyu nake ji." Sai na kasa ƙarya, na faɗa mata duka, har da kalmar da na jefe shi da ita. Ta tambaya ko yana salla, na ce bayansa na bi. Ta tambayi sunan yarinyar, na faɗa. Ta kwance tsumman ta shafa abin da ke ciki da yatsa.

"Kabewa," ta ce. "Shekara tara, ya aiko mini kabewa, kamar babu a kasuwar Nima." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, na zauna a ƙasa kusa da ita har ta gama.

Daga nan ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙo mini makullin. Ta ce in buɗe ɗakin ya sha iska, in share, gobe kuma in tona mata rami uku a bayan gida inda ruwan alwala yake gangarawa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Pa Toma, da Musye Anatol, da tsohuwar nan da na mayar wa kwano, wadda ban ko tambayi sunanta ba.