Gayaunar Agola

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in yarda in rubuta ta. Sai in fara, in ce kada iyalan mutumin da zan ba da labarinsa su gani su ji ba daɗi, in fasa. Jikata ce ta gaji da ni, ta ce, "Kaka, tunda ba sunan kowa za ka kama ba, tsoron me kake yi?"

Shekarun baya, lokacin da naira ta shigo kuma kuɗin fetur ya fara yawo a ƙasa, ina gyaran keke a bakin tashar Babura. A lokacin fari ya koro mutane da yawa daga arewa, ƙetaren iyaka. Cikinsu akwai wata mata da maƙwabcinmu ya aura, ta zo da ɗanta da ya fara tasawa, ubansa ya rasu. Mijin uwar ba mugu ba ne, yana ci da shi. Amma abincin ne kawai. A gidajenmu, yaro in ya tasa, da safe yana gandu tare da uba, da yamma ya wuce gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa, abin da ya noma nasa ne. 'Ya'yan gidan kowa da tasa. Shi da yake agola ne, in an tashi daga gandu ba shi da wurin zuwa sai tasha.

Tasha kuwa masu fasa-ƙwaurin fetur sun cika ta. Suna ɗaura wa yara galan-galan a keke, su bi daji su tsallaka iyaka, su dawo da kuɗin sefa a aljihu. Ni ke gyaran kekunan, na san su: kariyar ɗora kaya a lanƙwashe, sirdi yana warin mai. A kakar da ta wuce kafin nan, wuta ta kama wani yaro a hanya, bai rayu ba.

Ran nan sai ga agolan ya turo mini irin keken nan.

Na ce, "Na wa ne?"

"Na ubangidana."

"Yaushe ka yi ubangida?"

"Yaya, kai dai liƙe mini taya."

"Ka san abin da ya sami wancan yaron?"

Ya yi dariya, ya ce, "Shi taba yake sha. Ni ba na sha." Sannan ya sunkuyar da kai. "Da ruwa ya sauka zan bi su gaba ɗaya. In zauna in yi me? In yi wa 'ya'yan wani gadin gayauna?"

Ni da ma ko akuya ce ta ƙi cin dusa sai in wuni ina saƙe-saƙe, balle wannan. Na je wurin mahaifina na roƙe shi ya yanka wa yaron gefen gonarmu.

Ya ce, "Fili ba shi ne abin ba. Ka ba ɗan gidan wani gona, gobe gari ya ɗauka ya kasa riƙe agolansa sai da maƙwabta suka sa hannu. Zai hana yaron zuwa, ni kuma ya daina gaishe ni."

"To Baba, a bar shi ya tafi?"

"Wa ya ce? Maigidan za mu ara wa. Ɗauko mini sandata."

Muka sami mijin uwar yaron a zaurensa. Bayan doguwar gaisuwa, Baba ya ce ƙafarsa ta yi nauyi, gefen gonarsa na gabas ciyawa za ta cinye bana, ya taimaka ya riƙe masa. Mutumin ya ji daɗi, ya yi godiya, ya ce ai babban ɗansa sai ya haɗa da tasa.

Agolan kuwa ko ambatonsa bai yi ba. Na dubi Baba, shi kuwa yana kallon sandarsa. A gabansa ban taɓa sa baki a maganar manya ba, amma ranar na matso na durƙusa.

Na ce, "Kawu, a gafarce ni. Ƙaramin yaron nan na gidanka, na gan shi da keken 'yan fetur. In wani abu ya same shi a daji, ba wanda ya san ubansa a garin nan. Ɗan gidanka za a ce."

Maigidan ya dube ni. Can ya ce wa Baba, "Malam, ashe wannan matsoracin naka yana da baki?" Baba ya ce, "Ni ma yau na fara ji."

Maigidan bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Amma da ruwan shuka ya sauka, shi da kansa ya sa yaron a gaba, suka zaga filin, ya nuna masa iyaka daga gamba zuwa gamba, ya ɗebo masa iri daga rumbunsa.

Yaron ya mayar da keken. Mai keken ya zo har rumfata yana cewa, "Sannu liman, ka raba ni da yarona." Na ce, "Allah ya ba ka wata sana'ar." Ya ɗauke kekunansa daga wurina, ban kuma yi nadama ba. Damina guda, kullum in na tashi daga aiki sai na biya ta gayaunar. In na tarar ba ya nan, kafin in isa gida na gama binne shi a zuciyata, sai in same shi a bakin rijiya yana wanke fartanya. Har ya riƙa ce mini, "Yaya, geron ma ya gaji da ganinka."

Da kaka ya ɗauko damin farko a ka, ya dire a gaban rumfata. Raina ya so shi, wallahi. Amma na ce, "Ɗauki. Wanda ya nuna maka iyaka shi za ka kai wa." Ya ɓata fuska, ya ɗauka. Da la'asar na ji mutumin a ƙofar masallaci yana gaya wa mutane, "Ku je ku ga zangarniya. Yarona ne ya noma."

Abin da na koya shi ne, yaron da ya lalace a tasha sau da yawa ba tashar yake so ba, wuri ne babu nasa a gida. Kuma in za ka tsaya masa, kada ka ture mutanen gidansu, ta hannunsu za ka bi. Wannan ban taɓa shakkarsa ba, ni da nake shakkar komai.

Ya yi damuna da dama yana noma, daga baya ya koyi tuƙin babbar mota, ya yi Kudu. Bayan rasuwar mahaifiyarsa labarinsa ya yanke. Ƙanwarsa da suke uwa ɗaya tana nan a Kazaure, ta manyanta, duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni shi. Don Allah, wanda ya san wani tsohon direba, dogo, da ya taso a Babura amma asalinsa ƙetaren iyaka ne, ya gaya mini. In yana raye, a ce masa ya zo. In ya riga mu, a nuna mana 'ya'yansa, suna da gwaggo.