Tayar da Na Ɓoye wa Taubashina

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona na sayi motar, wata tsohuwar jif ta hannu mai ja da ƙafa huɗu. Ina cewa ba don alfahari na saye ta ba, ko da yake ba zan rantse a kan haka ba. Gonar da muka gada tana can bayan Gafasa, kuma wanda ya san hanyar da damina ya san yadda amalanken shanu da motocin yashi suke barin ta: rami a dama, rami a hagu, tudu a tsakiya. Tayoyi su faɗa ramukan, cikin mota ya ɗare tudun, kai kuma ka zauna kana ba ta wuta a banza. Sau uku ana kawo shanu suna ja na. A na ukun na ce sai an ɗaga motar nan.

Mai ɗaga ta kuwa ba sai na nema ba. Ɗan kawuna ne, taubashina, bakanike ne a Gaya tun muna samari. Tsakanina da shi babu gaisuwa sai tsiya. In na shiga garejinsa zai ce wa mutane su ɓoye abincinsu, ga manomin biro nan ya zo, wanda bai taɓa cika buhu ba sai dai fayil. Ni kuma in ce tun da aka haife shi sabulu bai taɓa cin nasara a kansa ba, ko ranar aurensa da ƙyar aka gane ango daga baƙin mai. Haka muka tashi, haka muka yi furfura. Duk abin da na faɗa masa, komai ɗacinsa, dariya tana wanke shi, don wasan taubasai ke nan.

Kwana uku ya yi a kan motar. Ya ƙara mata tsayi, ya sauya abin da ya kamata a sauya a ƙasanta, ya zaɓo manyan tayoyi huɗu da kansa ya ɗaura. Da zai miƙo mini makulli sai ya riƙe shi.

"Manomin biro, buɗe kunnenka," ya ce. "Wannan ba irin motocin da muka saba ba ce. Tana ƙirga juyin kowace taya. In ta ga ɗaya ta fi sauran gudu, sai ta ɗauka santsi ya kwashe ka, ta taka maka birki da kanta. Ƙafafun nan huɗu su zama iri ɗaya. In ɗaya ta lalace, ka zo wurina."

Na ce masa yaushe jahili ya fara koyar da malami, na fizge makullina.

Ba a yi wata guda ba kututture ya yaga mini tayar baya ta hagu a bakin gona. Ranar kasuwar Ajingi ce, na ɗaura safayar taya na lallaɓa har wurin wani mai faci, ya fito mini da wata ta hannu. A ido kamar ɗaya suke da sauran, amma na duba lambar jikinta na ga ta bambanta kaɗan. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Abin da ya hana ni zuwa Gaya kuwa abin kunya ne: na san in na je zai tara mutane ya ce an ba makaho mota ya je ya yi karo da itace. Gudun tsokanar yini ɗaya ya sa na ce wa mai facin ya ɗaura.

Bayan kwana biyu wata fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙiftawa a gaban sitiyari, mai hoton mota da karkatattun layuka a bayanta. Daga nan motar ta shiga yi mini gardama. In na zo kwana a kan kwalta sai in ji ta yi gurnani a ƙasa, ta dafe, in taka totur ta ƙi amsawa, can kuma ta saki kamar ba ita ba.

Na kai wa taubashina ita. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Ka taɓa tayoyin nan?"

Na ce a'a.

Bai ko sunkuya ya duba ba. Tayoyin sun sha laka har ba a ganin rubutun jikinsu, kuma duk tsiyar da ke tsakaninmu ba mu taɓa yi wa juna ƙarya ba. Sai ya koma zargin aikin hannunsa. Ya shiga ƙarƙashin motar, mutum mai ciwon baya, ya bi wayoyin da ke zuwa kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya ɗaure, ya sake auna daidaiton sitiyari. Sau uku ina kai ta, sau uku yana kwanciya a ƙasa ina tsaye a kansa. Zuwa lokacin ni kaina na fara yarda da ƙaryata. Na riƙa ce wa raina ɗan bambancin lamba ba zai jawo wannan duka ba, lallai shi ne ya ɓata wani abu wajen ɗagawa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Ranar da abin ya ɓaci, bikin suna za mu je Kademi, na ɗauko uwargida da ƙannenta biyu da kwanukan abinci. An yi yayyafi da safe. A wata kwana motar ta dafe da ƙarfi, na firgita na murɗa sitiyari, muka sauka gefen hanya. Miya ta wanke kujerun baya, goshin uwargida ya bugi gilashi ya kumbura. Allah ya kiyaye, iyakar abin ke nan. Na sauke su a gidan sunan, na juyo Gaya raina a ɓace.

Garejin cike yake da direbobi da masu jiran gyara. Ban yi sallama ba. Na ce masa zamani ya wuce shi, ya tsaya a kan akwalar motocin da ya sani, ya daina lalata wa mutane dukiya. Na ce ya kusa kashe mini iyali da jahilcinsa.

Mutanen wurin sun san mu, don haka suka fara murmushi suna jiran dariyar da za ta biyo baya. Shi ma ya jira. Har ya buɗe mini ƙofar wasa, ya ce, "To, manomin biro yau da yunwa ya zo, a nemo masa fura." Da na yi dariya a nan, da maganar ta zama wasa kamar sauran. Ban yi ba. Na ce, "Ba wasa nake yi da kai ba." Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri."

Washegari na kai motar Kano wurin masu duba mota da kwamfuta. Mutumin ya jona na'urarsa, muka ɗan zaga, ya ce tayar baya ta hagu ta fi sauran juyi. Ya sauka ya kankare lakar da makulli, ya karanta lambar, ya dube ni. Aka sauya tayar, fitilar ta mutu, ba ta sake kamawa ba har yau. Da ya leƙa ƙasan motar ya ce wanda ya ɗaga ta ya san aikinsa.

Abin da ya kamata in yi a ranar kowa ya san shi, hanyar gida ma ta Gaya ta bi. Na wuce garejin ban tsaya ba. Masu tambaya na ce musu an saita ta da kwamfuta. Na ji labarin wasu masu sababbin motoci sun daina kai masa, suna cewa ai ɗan'uwansa ma ya faɗa da bakinsa. Na ji, na yi shiru, har aka yi girbi.

Sai bayan an kai amfanin gona gida na iya zuwa. Da ya gan ni ya miƙe, ya karkaɗe benci, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali?" Ban taɓa jin gaisuwar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Na zauna na faɗa masa komai, tun daga kututturen har mai facin Ajingi, a gaban waɗanda ke wurin, don a gabansu na ci mutuncinsa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na sani."

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar da ka zo da faɗa. Ruwan hanya ya wanke tayar, da ka juya za ka fita na ga zanenta ba irin wanda na ɗaura ba ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mutane? In ce ɗan gwaggona ya yi mini ƙarya?" Ya girgiza kai. "Na aika wa matarka cewa kada kowa ya sake shiga motar sai an duba tayoyin. Ta ce ai ka riga ka tafi Kano."

Ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya yafe. Masu motocin da suka guje shi sun koma masa, don na bi su ɗaya ɗaya na gaya musu gaskiya. Yana zuwa duk wata hidima ta gidana, shi ke fara isowa. Amma wasan bai dawo ba. Na gwada, ba sau ɗaya ba. A ɗaurin auren 'yarsa na dube shi cikin farar babbar riga na ce yau kam sabulu ya yi ƙoƙari. Na tsaya ina jiran ya rama. Ya yi murmushi, ya ce, "Haka ne, Malam," ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarma.