Yatsuna Uku a Kan Daddawarta

Abin nan ya soma ne shekara guda bayan an karɓe mana fam da sule an ba mu naira, kafin cutar da ta kashe gyaɗa ta sauko. Ni ban san lissafin boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma na san a daminar da ta gabace shi gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye, kuma a shekarar ce rijiyar bakin masallaci ta ƙafe, wadda ko kakata ba ta taɓa ganin ƙasanta ba.

A lokacin duk ƙauyenmu ni kaɗai ce matar aure mai zuwa kasuwar Ɗambatta. Ciwon ƙafa ya zaunar da maigidana, shi ya sa ya yarje mini fita. Matan kulle su ba ni man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zare in sayar musu, ni kuwa tawa sana'ar daddawa ce. Ba yabon kai ba, daddawata ta yi suna. Kowace mai daddawa tana da shaidar da take dannawa a kan curi tun yana ɗanye, wata babban yatsa, wata ta ja layi da tsinke. Tawa yatsa uku ce a jere, wurin uwata na gada. Mai saye ba ya tambayar sunana, yatsun yake dubawa.

Da rani ya yi tsanani mutanen arewa suka fara gangarowa, dabbobinsu sun ƙare. A cikinsu akwai wata Buzuwa, doguwa, baƙa, da 'yan mata biyu ƙanana. Mijinta a hanya ta binne shi. Ta kafa bukkar kara a gindin tsamiyar bayan gari. Hausarta guntu-guntu, kuma ba ta bara. Gida-gida take bi ta yi surfe a ba ta dusa.

Ran wani bikin suna, Inna, ungozomar garinmu, wadda ita ta karɓi rabin mutanen ƙauyen, ta tara mu a ɗakin mai jego. Ta ce rumbunanmu ba su da abin da za mu ciyar da baki uku har kaka, amma muna da abin da za mu tsayar da mace a kan ƙafarta. Ɗorawa ta yi 'ya'ya a shekarar, ita fari bai taɓa ta ba. Nan take kowa ta kawo mudun kalwa. Maƙwabciyata ta ba da aron babbar tukunyarta, wata ta ba da kwando, wata ta ce itace na wuyanta. Sai Inna ta juyo gare ni.

"Ke ce idonmu a kasuwa. Ki koya mata, ki zaunar da ita kusa da ke, ki ce wa mutane tamu ce."

Na ce na ji.

Na koya mata tsakani da Allah, ban ɓoye komai ba. A dafa kalwa yini guda, a surfa ta da toka, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye kwana uku, sannan a kirɓa a cura. Sai ga shi Allah ya ba ta hanci. Tun daga bakin ƙofa za ta ce ta nuna, ko a ƙara mata rabin yini, kuma ba ta taɓa kuskurewa ba. A dahuwa ta uku tata ta fi tawa. Na ɗanɗana na sani.

Ranar da na fara kai ta kasuwa ta zauna kusa da ni da faifanta, ta sa wa curinta ɗigo ɗaya a tsakiya. Har la'asar ko ɗaya ba a taya ba. Wani ɗan sari mai kai daddawa Kano ya tsaya a kanmu ya ce, "Uwar daddawa, ina kika samo 'yar rakiya? Mutanen da ba su san miya ba sai nono, su ne za su yi mana daddawa?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Mako na gaba na danna yatsuna uku a kan curinta tun yana ɗanye, na haɗa da nawa. Kafin azahar an kwashe. Duk abin da aka samu a nata na damƙa mata, ko kwabo ban taɓa ba, wannan kam ko a gaban Allah zan faɗa. Ɗan sarin nan ya dawo yana cewa bana hannuna ya ƙara daɗi. A nan ya kamata in buɗe baki. Sai na ce alhamdu lillahi.

Haka muka yi fiye da shekara. 'Yan matanta suka yi kumatu. Sau ɗaya tak ta yi mini magana, muna hanyar dawowa, kaya a ka. Ta ce, "Yaya, ki faɗa musu hannuna ne." Na ce ta bari kaka ta yi. Da Inna ta tambaye ni ko na faɗa wa mutane, na ce mutanen kasuwa ba su shirya ba tukuna. Ni ce ban shirya ba. Ba zan iya jin ana cewa abin da ake yabo a faifaina na baƙuwa ne ba.

Sai haihuwar autana ta zo, ta zo da wuya, na shiga wankan jego. Yara ba sa jiran arba'in kafin su ci abinci, don haka na ce wa Buzuwar ta danna yatsunta uku ta tafi ita kaɗai. Ban tuna yatsunta sun fi nawa tsawo ba. Masu daddawar layinmu suna gani suka ce wannan ba hannuna ba ne, ta saci shaidata. A wurin masu sana'ar nan sa shaidar wata daidai yake da shiga ɗakinta ka ɗauki zane. Aka kai ta gaban sarkin kasuwa. Ta yi ta ƙoƙari da guntuwar Hausarta, tana cewa tun bara tata suke ci. Wa zai yarda? Duk kasuwar mutum ɗaya ce ta san haka, tana kwance a ɗaki. Aka hana ta zama.

Da ta dawo ta zo ta gaishe ni, ta ɗauki jaririn ta yi masa wasa, ta tafi. A bakin Inna na ji abin da ya faru. Inna ta ce in aika maigidan maƙwabciyata ya je ya wanke ta. Na ce magana irin wannan ba a ba da saƙonta, in na yi arba'in zan je da kaina. Saura kwana goma sha biyu, me zai faru?

Saura kwana takwas aka wayi gari bukkar ba kowa. Tukunyar maƙwabciyata tana bakin ƙofarta a wanke, a kife. Kwandon yana wurin mai shi. A bakin tawa ƙofar faifai ne cike da daddawa, ba shaidar komai a kanta, ba yatsa uku, ba ɗigo.

Na yi arba'in na je kasuwa, na tsaya a tsakiyar layi na faɗi gaskiyar da ƙarfi, kowa ya ji. Ɗan sarin ya ce to in kawo ta, tata yake so. Wasu suka ce sun gan ta a tashar motar Kano, wasu suka ce arewa ta koma. Na yi cigiya har na gaji.

Inna ta rasu a shekarar da aka kawo mana famfo. Maigidana ya riga ta. Ɗan sarin ma na ji ya cika, tsamiyar kuma an sare ta an yi ajin makaranta a wurin. Cikin matan da suka kawo kalwa ran sunan nan, saura ni da mai tukunya, ita ma idonta ya tafi, sai dai ta gane ni da murya. Autan nawa yanzu da jikokinsa. 'Yan matan nan biyu, in suna raye, su ma sun yi furfura a wani gari da ban sani ba.