Ranar da Goggo Ta Gaisa da Kuraye

Yayana ne ya kawo wani wasa gidanmu a unguwar Bani Malik, lokacin yana tuƙa motar wani kamfani. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa littafi mai kauri da 'ya'yan lido masu fuska da yawa. Duk Alhamis bayan la'asar mukan baje a falo, Yaya yana ba da labari, kowannenmu ya zaɓi wanda zai zama a ciki. In ka ce za ka yi abu, sai ka jefa ɗan lido a ga ko ya yiwu.

Ni da ƙanwata masu sihiri muka zaɓa, amma ba iri ɗaya ba. Nawa tsoho ne da ya koyi nasa a littafi. Kullum da safe sai ya yi bita, abin da bai haddace ba ranar kuwa ba shi da shi. Ta ƙanwata da abinta aka haife ta, ko littafi ba ta taɓa buɗewa ba. Wuta iri ɗaya muke jefawa, amma ni sai na gyara murya na zana da'ira, ita kuwa ta ce, "An ɓata min rai, halas, shi ke nan, kowa ya ƙone!" A makaranta ma haka muke, shi ya sa abin ke ci min rai.

Wata Alhamis Goggo, yayar babanmu, ta zo daga unguwar Mahjar. Tana jin kalmar sihiri ta hau salati. Yaya ya rantse mata tatsuniya ce kawai. Ta ce za ta zauna ta ji da kunnenta.

A labarin, kuraye sun kewaye mu a daji. Tsohona da sihirin buɗe kwaɗo kaɗai ya tashi ranar. Ƙanwata ta jefa, ɗaya ya fito, ta ƙona gyalenta.

"To, ba mai yi musu magana?" in ji Goggo.

Yaya ya buɗe littafi ya ce akwai iri na uku, wanda daji ne malaminsa, yana jin harshen dabbobi da itatuwa.

"Ni da na tashi ina kiwon awaki a Damagaram? Miƙo dutsen nan."

Ta jefa, sha tara ya fito. Ta gyara mayafi ta dubi Yaya.

"Sannunku, bayin Allah. Ina gajiya? Ina iyali?"

Dole Yaya ya maƙe murya ya zama kura. "Lafiya lau, Hajiya. Yunwa dai."

"Waɗannan yaran ƙashi ne zalla. Ku bi gabas, akwai mushen jaki."

Muka yi ta dariya har Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Kurayen suka raka mu har bakin kogi kafin su wuce.

Alhamis ta gaba Goggo ta dawo da kwanon dambu, ta ce a rubuta mata takardar wadda za ta zama a wasan, kuma tana son jimina ta hawa. Shekara biyu tana wasa da mu kafin ta koma gida Damagaram, ba ta taɓa yarda an kashe ko ƙadangare ba.