Matakai Biyu na Ƙarshe

Ustaza Afaf ba likita ba ce, amma a asibitinmu na garin Mansura ba likitan da bincikensa ke fita sai ya biyo ta teburinta. Ofis ɗaya muke, na san halinta: masifa, ga shayi baƙi kamar kwalta.

Aikinta jera masu shanyewar ɓarin jiki a kan tsani na lissafi, mataki-mataki. A sama wanda ya warke sarai, sai mai ɗingishi, sai mai sanda, har a sauko kan wanda ke kwance sai an yi masa komai, a ƙarƙashinsa wanda ya rasu. Lissafinta shi ke nuna ko magani yana ɗaga mutane sama ko da mataki ɗaya. Sai dai lissafin bai san sama da ƙasa ba, sai mutum ya jera masa. Al'adar sashenmu kuwa, matakai biyun ƙarshe haɗe su ake yi, wai kwanciyar da mutuwar duk ɗaya ne. Afaf ta tsufa tana haɗa su da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da burodi da wake.

Sai wannan ciwon ya kayar da mijinta Fikri, mai gyaran agogo, wanda take kira Abu Samir. Ya kwanta, magana sai da ƙyar. Ta dawo aiki masifar ta tafi, kuma wallahi na yi kewarta. Takan ce mini in ta kai kan matakin kwanciya, warin man zafin ɗakinsa take ji.

Ana haka Dakta Bahgat ya kawo sabon bincike. Maganin yana hana mutuwa, amma akasarin waɗanda ya ceta a kwance suke ƙarewa. In an raba matakan, magani ya yi aiki. In an haɗa, aikin banza.

"Ustaza, ke ce uwar tsani," in ji shi, yana wasa da makullin mota. "A haɗa ko a raba? Ni dai in kin raba, har rago zan yanka miki."

"Riƙe ragonka, Dakta. Ka dawo gobe."

Washegari na same ta zaune, hannu a cinya.

"Jiya na tambayi Fikri," ta ce. "Na ce masa, Abu Samir, kai da ka san wurin, ina zan sa ka, a haɗa ko a raba?"

Na ce, "Haba 'yar'uwa! Wa ke tambayar mara lafiya wannan?"

"To wa zan tambaya? Bahgat? Fikri ya daɗe yana haɗa bakinsa. Sai ya ce, haɗa."

Ta haɗa. Bahgat ya kwashi takardunsa yana tsaki, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Fikri yana nan da rai. Ta ce mini tun ranar ko ruwa ba ta tambayarsa ko yana so, sai dai ta kawo ta ɗaga kansa. Tsoro take kada ya ƙara ba ta amsa.