Gurabun da Yaya Ishaya Ya Bari

Shekara shida ke nan da muka sa Yaya Ishaya a ƙasa, kuma bana ce shekarar farko da na rasa bakin yabonsa. Darajarsa ba ta ragu a idona ba. Abin da ya faru shi ne, makon jiya matarsa ta zo da a-kori-kura ta ɗauke na'urar da ya bar mana amana a Dogarawa, ni ƙaninsa ina tsaye. Kai, har ni na kama gefe ɗaya aka ɗora ta.

Ga wanda bai san shi ba, yayana ne ciki ɗaya. Ya yi aikinsa a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata a Samaru har ya ajiye, ni kuwa alli na riƙe duk rayuwata a firamare. Da ya yi ritaya sai ya nemi wani ɗaki a bayan cocinmu, ya ce zai yi wa yaran unguwa wurin karatu, Kirista da Musulmi, wanda ba sai an sayi data ba. Can ya kafa abin da suke kira saba. Ita ce uwar kwamfutoci: ita ke riƙe da littattafai da darussa da tambayoyin gwaji, ƙananan kwamfutocin da yara ke zama gabansu kuma daga gare ta suke sha. Doguwa ce, falle, mai nauyin tsiya, ana zura ta kamar durowa cikin wani kabad na ƙarfe mai suna rak.

Ranar da ya fara ɗaga mini murfinta, raina ya ɓaci. A gaba akwai gurbin faifan ajiya takwas, biyu kaɗai ke da faifai. A ciki ga layuka na ramuka inda ake soka sandunan ram, waɗanda ke ba ta ƙarfin ɗaukar yara da yawa lokaci ɗaya, amma 'yan kaɗan aka soka. Ga mazaunin ƙwaƙwalwa ta biyu an rufe shi da roba, ga wuraren katin sadarwa a baya duk wayam. Akwatin wuta ne kawai ya sa guda biyu, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Na ce, “Yaya, an cuce ka. Rabin kaya suka ba ka.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja ni waje ya nuna mini wani gida da rodi ya yi cirko-cirko a samansa. Ya ce, “Dauda, ka taɓa jin an kira mai gidan can mahaukaci? Bene yake nufi. Ni ma gurbin na saya, ba abin da ke ciki ba. Yara za su ƙaru, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.” Sai ya nuna mini yadda ake ƙara faifai ba tare da an kashe ta ba: ka cire marfin gurbi, ka zura, ka danna ɗan hannun har ka ji ƙas, koriyar fitila ta kama. Yana son ƙarar nan ƙwarai, ya sa na gwada sau biyu.

Da damina ciwo ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya tafi. Aka kafa kwamiti, aka ba ni shugabanci saboda jini, ba saboda sani ba. Daga nan muka shiga girmama shi, kuma girmamawar ce ta kai mu inda muke. Dattijonmu Baba Yakubu, mutumin kirki ne wallahi, ya ce kayan marigayi a bar su yadda ya bar su, a bar kaza cikin gashinta. Matan zumunta suka saƙa farin leshi suka lulluɓe gaban rak, ta inda take shan iska, aka ɗora hotonsa da furen roba a kai. Muka rubuta sunansa a bango da fenti mai ruwan zinariya. Duk shekara mukan kafa rumfa, a dafa shinkafa, ni kuma in tashi in yi jawabi a kan hangen nesan yayana. Na ƙware a jawabin nan har mutane suna neman in maimaita.

Shekara uku baya, wata yarinya Hajara, 'yar Jushi da ta yi karatun jarrabawarta a ɗakin kuma yanzu take aiki a Abuja, ta aiko mana da kwali: faifai sababbi da sandunan ram daidai da na'urar. Da Yaya ne, kafin ruwan shayi ya tafasa sun shige. Mu kuwa muka zauna taro, muka yanke cewa irin wannan kyauta ba a sa ta haka kawai, sai an yi ƙaddamarwa da babban baƙo. Baƙon farko ya yi tafiya. Na biyu zaɓe ya ɗauke hankalinsa. Na uku ya amsa, sai muka kasa daidaitawa kan wanda zai zauna a damansa. Kwalin ya zauna cikin kabad ɗin gilashi, ana nuna wa baƙi.

A tsawon wannan lokaci yaran sun ƙaru kamar yadda ya faɗa. In suka cika ɗakin sai na'urar ta riƙa jan ƙafa, shafi ɗaya sai yaro ya gaji da jira. Faifai biyun suka cika, sababbin darussa ba wurin zuba su. Muka fara raba yara kashi-kashi, daga baya muka fara cewa a dawo wani wata. Ni da bakina na sallami 'ya'yan maƙwabta a ƙofar nan, ina tsaye ƙarƙashin sunansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Na san zai yi murna da ganin waya a hannun kowane ɗalibi a Samaru, zai kuma yi tsaki da ya ji yadda data ke ƙarewa kafin darasi ya kai rabi, don dalilin buɗe ɗakinsa yana nan bai gushe ba. Zai so ya taɓa irin faifan yanzu da ba ya juyi ba ya ƙara. Amma fentin bango ba zai ko kalle shi ba. Mutum ne da ko a biki sai dai ka same shi bayan lasifika yana gyara waya, ana jawabi yana hamma. Zai wuce mu ne kai tsaye ya ɗaga leshin, ya ƙirga korayen fitilu.

Abin da matarsa Rahila ta yi ke nan. Tsakanina da ita wasa ne tun aurensu, ba ta kirana sai da mijina, ni in ce matata. Ranar da ta zo da motar ba ta yi wasa ba. Ta ce, “Malam Dauda, ku buɗe mini in gani.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sauke hoton, na janye leshin. Fitilu biyu, kamar ranar da ya tafi. Ashe marfin gurbi ɗaya ya faɗi tun ban san yaushe ba, kuma da muka haska ciki sai ga gidan zanzaro, ginin laka ɗaki a kan ɗaki, ya cika wurin.

Ta leƙa, sannan ta ce, “To, ga wanda ya gane nufinsa. Ya ga gurbi, ya yi gini.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba Yakubu ya ce da ita, “Maman Tabita, sunansa fa yana bangon nan.” Ta rusuna kamar yadda ta saba, ta ce, “Baba, ku riƙe sunan. Ni aikin zan ɗauka.” Ashe ta riga ta yi magana da wata makaranta a Zabi, sun yarda yaran Dogarawa su riƙa zuwa ranar Asabar. Na'urar gadonta ce da 'ya'yanta, ba mai ja. Ban jira kwamiti ba, na ɗauko kwalin Hajara daga gilashi na bi motar.

A Zabi wata malama ta karɓe mu. Ta kankare lakar, ta hure ƙura, ta kashe na'urar ta soka sandunan ram ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da murfi ta kunna. Ba rumfa, ba babban baƙo, sai gajeriyar addu'ar da Rahila ta yi. Sannan malamar ta zaro faifai daga kwalin Hajara, ta dube ni ta ce ko zan sa na farko, tunda ni ne ƙaninsa. Na zura, na danna. Na ji ƙas, fitila ta uku ta kama. Na fita waje don kada su ga fuskata.

Yau ɗakinmu na Dogarawa yana da sunansa da hotonsa da leshi a ninke, rak ɗin kuwa ba komai a ciki. Mu muka tashi da waɗannan, kuma su muka zaɓa da hannunmu. Abin da ya rage na Yaya Ishaya yana Zabi, yana huci, yara suna layi a gabansa. Bana na faɗa wa kwamiti ba zan yi jawabi ba. Asabar mai zuwa ni zan raka yaran da na sallama, in sun yarda su bi ni.