Hannuna ya bi hagu a gangaren Buza

Ni mutumin Azarori ne. Na yi lakwal, makarantar boko, kaɗan a Madawa, sannan na tafi cin rani ƙasar Ingilishi, na koyi tuƙi, na shekara da shekaru ina jan motar gyaɗa. Tun ina yaro ni mai yawan fargaba ne. Ba na tayar da mota sai na zagaya ta, na taɓa tayoyi, na gwada birki, na sake gwadawa. Bayan an gama yaƙin Turawa na komo gida, wani ɗan kasuwa a Madawa ya ba ni kamiyonsa, wato babbar motarsa, in riƙa kai kaya Buza da Keita.

A can inda na koya, idan motoci biyu suka gamu kowa hagunsa yake bi, nan ƙasar Faransi kuwa dama ake bi. Na san wannan sarai, har ya hana ni sukuni. Na ɗaura jan zare a wuyan hannuna na dama don ya riƙa tuna mini. Yayana da ya gani ya yi ta dariya, ya sa mini suna Ba'ingile, ya ce sai ka ce akuyar da aka yi wa shaida za a kai kasuwa. Amma hanyarmu ta lokacin siririya ce, a tsakiya kowa ke tafiya, kuma sai in yi sati ban gamu da wata mota ba, sai raƙuma da jakuna. Babu abin da ya gwada ni, sai na ɗauka na saba. Zaren ya yi dauɗa, na daina ganinsa.

Wata safiya yayana ya ce in rage masa hanya zuwa Buza, zai duba wani sa da yake so ya saya. Ya zauna gaba, a damana, yana ta tsokanata, wai Ba'ingile ya ƙara wuta kada a watse kasuwa muna hanya. Mun hau tudun duwatsu, muka fara gangara, sai ga wani kamiyo ya ɓullo daga kwana yana hawowa. Direbansa ya yi abin da ya dace, ya kauce damansa. Ni ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya juya hagu da kansa, kamar yadda ya saba, na shiga gabansa, na ba shi gefen da yayana yake zaune. Na ji yayana ya kira sunana, sai ƙarar ƙarfe.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Sai da mutane suka taru da sanduna suka ɓanɓare ƙofar kafin aka zaro yayana. Ina riƙe da kansa na ga jan zaren a hannuna. A gidan likita aka yanke masa ƙafa. Da ya farfaɗo ya ce mini ƙaddara ce, kada in sa wa kaina damuwa, ya tambaye ni ko an sayar da san da zai duba.

Na bar tuƙi, na karɓi gonarsa ina nomawa tare da tawa. Bai taɓa yi mini gori ba har ya rasu. Sai dai daga ranar nan bai sake kirana Ba'ingile ba, ni kuwa kullum ina sauraron ya faɗa.

Ku da kuke tuƙi a ƙasar da ba nan kuka koya ba, ku sani kai yana karɓar sabuwar doka da wuri, hannu kuwa yana riƙe da tsohuwar. Kada hanyar da babu kowa ta ruɗe ku. Ku nemi ɗan ƙasa ya zauna kusa da ku, ku yi ta gamuwa da motoci a hankali har hannun ya saba, kafin ku ɗauki wanda kuke ƙauna.